Giram Ɗari Biyar da Arba'in

Ni mai awon kifi ne a bakin ruwan Puerto Montt,
shekara goma sha tara hannuna na kan sikeli.
Kafin allura ta tsaya na san abin da za ta ce.
Sai ga ranar da aka auna mini 'yata.

Giram ɗari biyar da arba'in.
Da kifi ce, da na mai da ita teku,
na ce je ki ƙara girma.

Mako ashirin da uku da kwana biyu.
Eulalia ta ƙirga da yatsu a motar asibiti,
ta sake ƙirgawa, ko wani kwana ya maƙale a baya.
Bakwaini ma wata bakwai ya samu,
ita ko shida ba ta cika ba.
Ko gadonta ban haɗa ba,
katakon na bayan ƙofa, ƙusoshin suna leda.

Likita Ximena ba ta yi mana zaƙin baki ba.
Ta jawo kujera ta zauna daidai da mu,
ta ce, Baltasar, nan ne bakin gaɓa.
Ƙasa da ashirin da biyu huhu bai san iska ba.
A ashirin da uku wasu na tsayawa, wasu na komawa,
cikin masu tsayawa akwai mai tafiya da tabo har girma.
Na ce, ita fa?
Ta ce, ita ba ta faɗa mini ba tukuna.

A kwalba na fara ganin ta.
Fata ja, kamar takardar da ruwa ya jiƙa,
ido a liƙe, ba a buɗe shago ba,
tafin ƙafa bai kai babban yatsana ba.
Igiyoyi sun fi ta yawa.
Aka ce kar ka shafa, fatar ba ta jurewa,
ɗora hannu kawai, ka yi shiru.
Hannun da na goge sau uku don ƙarnin kifi.

Eulalia na tatsa da tsakar dare,
ɗigo shida, ɗigo tara, a bakin sirinji,
tana riƙe shi kamar mai ɗauke da garwashi.
Surukata ta saƙa hula da ulun tumakinta,
ta warware, ta saƙa, ta warware,
sai da ta gwada a kan lemon tsami sannan ta zauna.

Kusa da mu akwai wani yaro, Genaro,
mako ashirin da shida, ya kusa ninka ta a nauyi.
Na yi wa ubansa hassada, Allah ya yafe mini.
Dare na tara aka ja labule.
Da safe kwalbar wanke take, fes.
Tun ranar na daina tambayar lissafi.

Sau biyu numfashinta ya ɗauke a gabana.
Nas ta ɗan murza tafin ƙafar,
kamar mai tashin wanda ya makara,
ƙirjin ya tuna aikinsa.

Sai a rana ta talatin muka kira sunan da ƙarfi.
Amparo.
Ranar aka kwantar da ita a ƙirjina, cikin riga,
na zauna awa biyu, ƙafata ta mutu, ban motsa ba.

Kwana ɗari da goma sha takwas.
Mun fito da kilo biyu da rabi,
da tukunyar iska, da idon hagu da aka yi wa aiki,
da takardar ranakun dawowa, doguwa kamar layin kamun kifi.
Ba wanda ya ce mana an gama.

Jiya wata tsohuwa ta ce in auna mata rabin kilo.
Na ɗauka, na tsaya da shi a tafin hannu.
Ta ce, malam, lafiya?
Na ce lafiya lau.
Na ƙara mata giram arba'in, ban caje ta ba.